Furar Bakin Ƙofar Kaso

A shekarar da damina ta juya wa ƙasar Mayahi baya, hatsi ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye, Na Allah ya gano cewa mutum yana iya yin ƙyashin ɗan kaso. Da wani ne ya gaya masa haka kafin wannan shekara, da ya ce masa ya je a yi masa rubutu ya sha.

Na Allah manomi ne a wani ɗan ƙauye da ke kudu da Issawane, kuma shi ne ɗan farin Inna Hajjo. Sunansa na yanka Mamudu, amma kakarsa da ta ɗauke shi tun daga yaye ita ta laƙa masa Na Allah, sunan ya bi shi har ya danne na gaskiya. Inna Hajjo kuwa ba ta kiransa da ko ɗaya, saboda kunyar ɗan fari. Idan tana son ya ɗebo mata kara, sai ta dubi danga ta ce, "A gaya wa wancan kara ya ƙare," alhali daga ita sai shi a tsakar gidan. Kowa ya san al'ada ce, shi ma ya sani, don shi kansa bai taɓa faɗin sunan ɗiyarsa ta fari ba. To amma abin da kai ya sani ba kullum zuciya ke yarda da shi ba. Ga shi har furfura ta fara leƙo masa a gemu, bai taɓa jin yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba, kuma abin yana cinsa.

Ƙanensa Auta shi ne ya kwashe abin da aka hana shi. Tsakaninsu an haifi da yawa ba su tsaya ba, sai Auta ya zo a ƙarshe ya zauna, ya zama shalele. Sunansa a bakin Inna Hajjo kamar tasbaha. Ƙato da shi, ya isa aure, amma sai ya shige ɗakinta ya miƙe bisa tabarmarta yana zuba mata surutu tana dariya. Na Allah na jiyo dariyar daga bakin rumbu yana tufka igiya, sai ya ƙara murɗa igiyar da ƙarfi.

Da yunwa ta kai intaha, samarin ƙauyen suka fasa ma'ajiyar hatsin koperatib, wato ƙungiyar manoma. Auta na cikinsu. Na Allah ya ƙi zuwa, rabi tsoron Allah, rabi tsoron soja, domin lokacin masu kaki ke riƙe da ƙasa kuma ba su san wasa ba. Washegari jandarmomi suka zo da mota, suka kwashe buhunan, suka haɗa da samarin. Abin da ya tsira shi ne wanda ya riga ya shiga tukunya, kuma ƴaƴan Na Allah sun ci sun lashe hannu. Wannan ɓangaren labarin ba ya cikin abin da Na Allah ke tunawa.

Aka kai Auta gidan kason Bariki, wato garin da kumandan mai mulkin yankin ke zaune, tafiyar sassafe zuwa hantsi ga mai ƙafa. Tun daga nan aka ɗora wa Na Allah sabon aiki. Duk ranar kasuwar Bariki, Inna Hajjo za ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gadon kara, ta ɗebi hatsi daga irin gamanarta, wato ƴar gonarta ta kanta, da ta ɓoye don shuka, ta daka, ta yi dawo. Gidan gaba ɗaya kuwa anza ake ci, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su ana sake ruwa kwana da kwanaki kafin su shiga baki. Ƙamshin dawon nan idan ya tashi, yaran Na Allah sukan yi layi a jikin danga suna haɗiyar miyau.

Takan jera dunƙulen furar a ƙwarya, sannan ta ƙara wani ɗan ƙarami a gefe, ta ce wa danga, "Wanga na bakin ƙohwa ne."

Na Allah ya ɗauka toshiyar bakin gardin kaso take nufi. Matarsa Biba ta taɓa ce masa, "Kai dai ba ka da ganewa. Wa ke shan hura a bakin ƙohwar in ba kai ba?" Ya daka mata tsawa, ya ce mace ba ta san abin da ake ciki ba. A ganinsa tsohuwar da ba ta iya faɗin sunansa ba za ta tuna yana da maƙogwaro ba.

Ga abin da Biba take nufi. A gidan kaso akwai doka: duk wanda ya kawo wa ɗan kaso abinci, sai ya ci a gaban gardi kafin a shiga da shi, don kada wani ya kawo wa abokin gabarsa ajali a cikin ƙwarya. Na Allah yakan tsaya a rijiyar da ke kusa da gidan ya dama furar da ruwa, tunda shanu sun mutu ba a zancen nono, ya juye a gora, ya je ya bi layin masu jira. Mai tsaron ƙofar wani tsohon gardi ne, Jibo, mai jan ido da ƙaton ciki wanda shekarar ta fara zazzage masa. Jibo zai miƙo ludayi ya ce, "Sha mu gani." Na Allah zai cika ludayin, ya kafa kai, ya shanye.

Wannan ludayi ɗaya shi ne iyakar hatsin da ke shiga cikinsa daga kasuwa zuwa kasuwa. Kuma ba daɗinsa yake ji ba, ɗacinsa yake ji. Shi da ya kama kansa, bai taɓa kayan kowa ba, sai albarkacin ɓarawo yake ɗanɗana furar uwarsa, a tsaye, gardi na kallon maƙogwaronsa. Ragowar goran kuwa ta wuce ciki wurin shalele.

Gidan kason tun zamanin Nasara aka gina shi, don ƴan tsirarun masu ƙin biyan haraji. A wannan shekara ya cika ya batse. Akwai masu fasa rumbu, akwai makiyaya da manoma da suka fasa wa juna kai a bakin rijiya, akwai masu satar shiga da kaya ta kan iyakar Najeriya da aka rufe. Jandarmomi na kawowa, alƙali na turowa, ƙofar fita kuwa ta yi tsatsa. An ce a ciki a gefe ake kwana, idan za a juya sai a juya tare. Wari kan tari mutum tun daga rijiya. Ƙazuwa ta game kowa, ga zawo, ga tari. Majo Abdurrahamane, babban ma'aikacin ɗakin shan maganin garin, wani siririn mutum mai farar riga, yakan zo da safe da ɗan akwatinsa ya duba waɗanda suka fi jigata, ya fita yana girgiza kai. Na Allah ya sha ganin fitarsa, amma abin da ya gani kawai shi ne ɗan kaso ma yana da lokotoro da ke zuwa har inda yake, su kuwa a ƙauye sai sassaƙe da Allah ya sawwaƙe.

Bayan ɗanɗano, akan kira ɗan kaso ya zo jikin wata ƴar taga mai ƙarafa a gaisa a gurguje. Farkon zuwa Auta ya rame, Na Allah ya ji tausayinsa, har ya ji wani sanyi a ransa da bai so ya bincika ba. Amma da aka yi nisa cikin rani, sai ya ga fuskar Auta ta fara cika. Kumatu suka taso, idanu suka shige ciki, fatar tana ƙyalli. Da ya leƙa ƙasa ya ga ƙafafun sun yi ɓul-ɓul.

Duk wanda ya ga yaran wannan shekara ya san irin wannan ƙiba. Na Allah ma ya santa, da a jikin wani ya gan ta. A jikin Auta ya gani, don haka ya kira ta ƙoshi.

"Yaya, sannu da hanya," in ji Auta, yana riƙe da ƙarfen tagar. "Ina Inna? Ina su Biba da yara?"

"Suna nan suna cin anza," in ji Na Allah. "Kai kau na ga kaso ya karɓe ka."

Auta ya yi dariya, dariyar ta ƙare da tari. "Wallahi Yaya, nan ba mu da matsala. Ana kai mu korbe gidan kumandan, mu yi shara mu ba shuka ruwa, madam matarshi ta ba mu shinkahwa da miya har mu bari. Ka ce ma Inna ta bar taɓa irin nan. Ta dama ma yara. Ni na ƙoshi."

Shinkafa da miya! Na Allah ya kama hanyar gida kalmomin nan na tafasa a cikinsa. Rana ta take, yashi na ƙona masa tafin ƙafa ta cikin hujin takalmin taya, ga gawarwakin shanu a gefen hanya sun bushe sun zama ƙirgi, shi kuwa lissafi yake. Auta ya sha nono har ya gaji, shi an yaye shi an miƙa wa kaka. Auta ya yi sata, an ba shi ɗaki da lokotoro da shinkafa. To ina amfanin kama kai? Ya ji da ma shi ne a bayan tagar nan, a ga ko tsohuwa za ta taɓa irin gamanarta saboda shi. Ya ba kansa amsa da kansa, amsar ta ƙara masa zafi.

Ya isar da saƙon kamar yadda aka ba shi, har da ƙarin gishiri. Ya tsaya a bakin ɗakinta ya ce ɗanta ya yi kumatu, shinkafar madam yake ci, ya ce a daina wahala. Inna Hajjo ta ce wa ƙofa, "Auta bai iya ƙarya ba, sai in don ni." Ranar kasuwa ta gaba ta sake jawo tukunyar.

A wannan zuwan ne, bayan ya shanye ludayinsa, Jibo ya riƙe goran bai miƙa ciki ba, ya jawo shi gefe.

"Kai ne wan Auta ko? To buɗe kunnenka. Kumandan ya tara su a biro, ɗakin aikinshi, shi da babban jandarma da majo da mai gidanmu na kaso. Majo ya ce in ba a rage mutane ba, sai dai a riƙa fidda su a makara. An yanke shawara, marasa lahiya masu ƙaramin laihi a sallame su, in dai wani nasu ya tsaya musu kuma maigarinsu ya yarda. Ƙanenka na ciki. Ka tahi ka gaya ma maigari, ku zo ku ɗauki abinku."

"Auta ne marar lahiya?" in ji Na Allah. "Ranka shi daɗe, da waɗanga kumatun?"

"Ni gardi ne, ba lokotoro ba," in ji Jibo. "Abin da majo ya ce na gaya maka. Kar ka yi sanya."

Ranar ba a kawo Auta taga ba. Aka ce yana kwance. Na Allah ya ce a ransa, ai dole, mai cin shinkafa da rana sai barci.

Ya kamata a ce da gudu ya koma gida. Amma tun kafin ya wuce rijiya wani tunani ya riga ya hau masa kai. Wato har manyan Bariki Auta ya saye da bakin nan nasa. An yanke masa wa'adi, ba zai ma cika shi ba, za a sallamo shi da kumatunsa, ya dawo ya miƙe bisa tabarmar Inna, a juye masa sauran irin, a yi ta jin dariya daga ɗaki. Kuma wa zai je ya durƙusa gaban kumandan ya ce na tsaya masa? Shi, wancan, wanda ba shi da suna. Idan Auta ya sake fasa wani rumbu, wuyansa za a kama. Sannan ya lulluɓe duk wannan da zane mai kyau: ai mu da ke cin anza, ina za mu kai mai cin shinkafa? Barinsa can ma taimakonsa ne. Da ya isa ƙauye ya riga ya yarda da kansa, sai dai bai iya haɗa ido da Biba ba.

Bai je wurin maigari ba. Bai ce wa Inna Hajjo komai ba, ban da cewa an karɓi fura. Da ranar kasuwa ta zagayo, ya san idan ya koma Jibo zai tambaye shi, sai ya ɗaure ƙafarsa da tsumma ya ce ƙaya ta karye masa a diddige. Ya zauna a inuwar rumbun da ba kowa a cikinsa yana ɗingishin ƙarya. Inna Hajjo ta fito da ƙwaryar dawo, ta tsaya, ta dubi ƙafar, ta koma. Dawon ya kwana ya yi tsami, ta raba wa yara. Na Allah ya ga ƴaƴansa na lashe ƙwarya ya ce wa kansa, to ga shi, ashe alheri na yi. Kasuwa ta biyu ma ƙafar ba ta warke ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wani hantsi sai ga motar jandarma ta shigo ƙauyen tana tada yashi. Mata suka kwashe yara, maza suka fara tunanin laifin da suka manta. Jandarmomin suna zagayen ƙauyuka ne, kumandan ya aiko su su bi sawun iyalan da ba su je ɗaukar marasa lafiyarsu ba. Suka tsaya a ƙofar maigari, aka tara mutane. Babbansu ko fitowa daga mota bai yi ba.

"Ina dangin Auta? An aiko muku tun yaushe, ba ku zo ba. Majo ya ce jikin yaron duk ya kumbura, ba ya iya tashi. Ku ba ku son naku ne? Mu an ce mu rage kaso, ku kun bar muna shi."

Maigari ya rantse da abin da zai kashe shi bai ji wannan magana ba. Jandarman ya ce gardi ya gaya wa wansa baki da baki. Sai idanu suka juyo gaba ɗaya. Na Allah na tsaye a bayan taro, ya manta ma wace ƙafa ce mai ciwon, ya dogara a kan wadda ya ɗaure.

Ba wanda ya zage shi, abin da ya fi zagi zafi ke nan. Maigari ya ce a gaban jandarma ya yarda, ya tsaya wa Auta. Jandarman ya ce magana ta ƙare, shi zai shaida wa kumandan, gobe wan ya je ya ɗauko shi. Wani maƙwabci da jakinsa ya rage da rai ya ce a tafi da shi, tunda yaron ba ya iya tafiya. Taro ya watse, aka bar Na Allah yana kwance tsumman ƙafarsa.

Ya yi zaton ranar Inna Hajjo za ta fasa kunya ta wanke shi tas, har ya so ta yi. Ba ta yi ba. Jin sautin turmi kawai ya yi daga bayan ɗakinta. Da gari ya waye ta fito da ƙwarya, ta ajiye a ƙasa tsakaninsu, ta ce wa danga, "A shimfiɗa mishi zane bisa jakin, ƙashin bayan jaki na da ciwo." Ta ɗora tsohon zanenta a kan ƙwaryar. Ya buɗe don ya gyara ɗauri, ya ga dunƙulen a jere, ga ɗan ƙaramin nan a gefe kamar kullum.

Bai hau jakin ba, janye shi ya yi, yana sauri har dabbar na turjewa. A hanya ƙyashin bai sake shi gaba ɗaya ba, don irin wannan ciwo ba ya warkewa a yini guda. Yana tsoro, yana kuma ce wa kansa jandarma sun faye zuzuta magana, za ka ga an fito da shi yana washe baki. Har ya shirya abin da zai ce masa: to sarkin gata, ga dokinka an aiko.

Ya dama furar a rijiya, ya bi layi. Layin ya ragu, don an sallami da yawa. Da ya iso gaban Jibo ya miƙa hannu a ba shi ludayi. Jibo ya dube shi, ya dubi jakin da zanen da ke shimfiɗe a bayansa, ya mayar da ludayin cikin aljihu.

"Ba sai ka ɗanɗana ba yau," in ji shi. "Shigo."

Na Allah bai taɓa wuce wannan ƙofa ba. Aka bi da shi ta gefen dogon ɗakin da hannuwa ke leƙowa ta tagoginsa, zuwa wata rumfar zana da majo ya sa aka kafa a tsakar gidan don a raba masu zawo da sauran. Mutane na kwance a kan tabarmi, waɗansu ƙashi da fata, waɗansu a cike kamar salka, fuskokinsu na ƙyalli irin na Auta. A nan, a jikin mutanen da ba ƙannensa ba, ya gane abin da yake kallo tun ba a gaya masa ba.

Majo Abdurrahamane ya taso yana goge hannu. Idanunsa sun yi ja don gajiya. Bai ɗaga murya ba.

"Kai ne wan nashi? Sai haƙuri. Da asubahin nan Allah ya karɓi abinshi. Ƴan'uwanshi na ciki sun yi mishi wanka, mun yi mishi sutura kahin rana ta yi zahi, don ba mu san za ku zo ba." Ya juya ya dubi na kwance. "Na ba shi abin da nike da shi. Amma ciwon ba na allura ba ne. Abincinsu jar dawa ce tsura, safe da marece, ba miya ba komai, ga zawo ya shigo. Da ya samu gida da ɗan kunu da iska, wataƙila. Allah ne masani."

"To shinkahwar?" in ji Na Allah. Shi kansa bai san ya faɗa ba. "Ta gidan kumandan."

Majo ya dubi Jibo. Jibo ya ce, "Wace shinkahwa? Yaron da ba ya iya ɗaukar bokiti wa zai kai shi korbe? Tunda ya shigo bai taka waje ba. Hurar da kake kawowa ma rabawa yake da na kusa da shi. Da ka daina zuwa ya ce muna madalla, Yaya ya isar da saƙo, yara na sha."

Aka nuna masa wurin, a bayan katanga, ƙasar ba ta gama bushewa ba. Ya durƙusa ya yi addu'ar da ta zo bakinsa. Da zai tafi ya miƙa wa Jibo goran ya ce a ba na rumfa. Jibo ya karɓa, amma doka dai doka ce, sai ya fiddo ludayin ya cika ya miƙo masa. Na Allah ya kai baki. Furar uwarsa ce, hatsi tsantsa, har da ɗan dunƙulen bakin ƙofa a ciki, kuma a wannan karon ya san na wane ne. Ya shanye, ya mayar wa Jibo ludayin.

Ya juyo da jakin, zanen na shimfiɗe a bayansa yadda aka ce a yi. Bai cire ba, bai kuma hau ba. Rana ta yi sanyi lokacin da ya hango rumbunan ƙauyensu. Yara suka sheƙo da gudu suna kiran Auta, da suka matso suka ja birki, suka koma da baya.

Inna Hajjo na tsaye a ƙofar gida, ta sa hannu a goshi tana kare hasken yamma. Ta dubi jakin, ta dubi zanenta. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa masa suna. Ba ta nemi danga ba, ba ta nemi ƙofa ba, ta ɗago ta dube shi cikin ido.

"Mamudu," ta ce, "ina ƙanenka?"